Shekarar da Gwalalon Aubrelle Ya Bushe

Aubrelle, Janairu 1976

Jikata Solène,

Ina gaishe ki, da fatan sanyin Kanada bai cinye miki hanci ba tukuna. Katinki na Kirsimeti ya iso bayan an shiga sabuwar shekara, kamar yadda kowane alheri ke isowa gidan nan, a makare. Kin tambayi lafiyata. Tunda tambayar ma'aikaciyar jinya ce, ga amsar majinyaci: ƙuguna na hagu ya yi mini tawaye. Likitan Bourges zai yanka ya sa ƙarfe a ƙarshen watan gobe, in kwanta a wurinsu har sai sun gaji da ni. Na riga na gaya musu ba na son masu dubiya, ba na son wasiƙa, ba na son furanni. Ba don ina tsammanin wani zai kawo ba.

Gida yana nan, rabinki da rabina, kowanne na yoyo daidai gwargwado. Kakanki, ɗan baffana, ya fi ni wayo. Ya mutu ya bar miki nasa rabin, ni kuwa ya bar ni da bokitai. Léontine, matar Firmin mai tafki, tana kawo mini miya da rana, ta haɗa da wa'azi kyauta. Jiya ta ce, "Malam, mai hankali ba ya kwana a saman hasumiya da ƙafa ɗaya da rabi." Na ce mata mai hankali ai ba ya zama a Aubrelle tun farko.

Ba zan sauko ba. Hasumiyar gabas ita kaɗai ce ba ta taɓa yi mini ƙarya ba a ƙasar nan. An gina ta lokacin yaƙi da mutanen Ingila, kaurin bangonta ya fi tsayin mutum, tagoginta ba su wuce faɗin tafin hannu ba, don harbi aka yi su, ba don gani ba. Wanda ya gina ta yana jin tsoro, bai kuma ɓoye ba. Sai jikansa ya dawo daga yaƙin Italiya da kai cike da kwalliya, ya farfasa bangon gidan ya buɗe manyan tagogi, ya gina matakalar nan mai murɗewa da kike sulalowa a kanta kina ƙarama. Hasumiyar kuwa bai iya rushe ta ba, zamanin bai yi lafiyar da mutum zai ajiye garkuwa ba. Shi ya sa babbar tagar matakalar take kallon baƙin bangon hasumiyar, rana ba ta taɓa shiga ba. Rayuwata duka na ƙarar ina duba sassaƙar wurin da fitila a hannu. Littafin da na rubuta a kai yana can jibge a saman rufi. Ɓeraye sun kai babi na huɗu, sun fi malaman Paris nisa. Su waɗancan, kujerar koyarwar da na yi wa karatu sai suka ba wani da ke ganin siminti ne maganin kowane ciwo. To, ya wuce.

Abin da bai wuce ba shi ne danshi. Gwalalon nan da ya zagaye mu cike da ruwa, shi ne ajalina. Da sanyi ya hau bango ya shiga ƙashina, da zafi ya turo mini sauro da waƙar kwaɗi. Na rantse duk wanda ya kwashe mini ruwan nan ya kai teku ya zubar, na bar masa littattafaina da albarkata, in da saura. Ina so in ga ƙasansa a bushe ko sau ɗaya kafin a kai ni bayan coci.

Ki riƙa sa safa biyu.

Kakanki na dole,
Anselme


Québec, Fabrairu

Kaka Anselme, angon hasumiya,

Ina gaishe ka da kyau, ya ƙugu? Ni lafiya lau, hancina yana nan, sai dai aiki ya yi yawa, jarirai sun ƙi jiran bazara. Na san wasiƙar nan ba za ta same ka a asibiti ba tunda ka kafa wa mutane doka. Za ta jira ka a kan teburin kicin.

Na karanta taka sau biyu. Na farko na yi dariya, na biyu ban yi ba. Ka manta aikina ke nan. Na san abin da danshi ke yi wa tsohon da aka sa wa ƙarfe a jiki, na ga irinsu sun shiga sanyi da tari ba su fito ba. Kai kaɗai ka rage mini a dangin Baba, kuma duk masifarka ban shirya rasa ka ba.

To ga abin da na yi, kada ka yi mini ihu. Na tuna ina yarinya, shekarar da Firmin ya hutar da tafkinsa. Ya buɗe ƙofar ruwa, ya bar ƙasan ya sha rana, ya shuka sha'ir a lakar, muka yi ta guje-guje a ciki ni da 'ya'yansa. Ya ce mini tafkin da ba a hutar da shi ruɓewa yake. Na rubuta masa ya yi wa gwalalonmu haka kafin ka dawo. Ka ce kana son ganinsa a bushe, to ga shi, ba sai an kai teku ba. Rabina na ce a busar. In ruwan ya san yadda zai tsaya a rabinka, ya tsaya.

Littattafan ka riƙe abinka, albarkar nake so.

Jikarka mai jin magana,
Solène


Aubrelle, Mayu

Solène,

Gaisuwa, tunda haka aka saba. Ƙugun ya kama, ina tafiya da sanda. Da ma bai kama ba.

Motar asibiti ta sauke ni a bakin gada. Na tarar da Firmin tsaye da hula a hannu, yana washe baki kamar wanda aka yi wa haihuwa, Léontine a bayansa cikin rigar zuwa coci. Na leƙa ƙasa. Inda na bar ruwa, kore shar na gani, sha'ir ya kai gwiwa, iska na kaɗa shi har gindin hasumiya.

"Sannu da dawowa, Malam! Ya ka gani? Ko sauro ɗaya ba za ka ji ba bana."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon Maris. 'Yar gidanku ce ta rubuto. Lakar nan, Malam, ban taɓa ganin mai kyanta ba, ko taki ban sa ba."

"Firmin, kai jaki ne, ko hular ce ta danne maka ƙwaƙwalwa?"

Léontine ta ce, "Ikon Allah! Ga tukuicin."

Bari in gaya miki abin da kika yi, tunda ba a koyar da shi a makarantar jinya. Gidan yana kan ɗan tudu, amma hasumiyar ƙafarta a fadama take. Maginan farko sun kakkafa turakun itace cikin laka, ɗaya jikin ɗaya, suka ɗora ta a kai. Itacen da ke nutse cikin ruwa ba ya ruɓewa, zai ga ƙarshen duniya. Ran da ya sha iska, ran nan ya fara mutuwa, lakar da ke riƙe da shi kuma ta tsuke ta ja da baya. Kowa na ɗauka don hana maƙiyi kawai aka haƙa gwalalo. Maƙiyi ya daina zuwa tun kaka da kakanni, ruwan bai daina aiki ba. Shi ke ɗauke da ita.

Firmin ya ce, "Amma ai mahaifinka yana buɗewa mu kama kifi." Na ce na 'yan kwanaki, cikin sanyin Nuwamba, laka ba ta ko tsane ba a mayar! Ya ce shi tafki ya sani, tafki kuwa hutu yake so. Na ce gidan ubana ba kududdufin kwaɗinsa ba ne. Ya mayar da hularsa ya tafi.

A ranar na sa aka rufe ƙofar ruwa. Aikin banza. Rafin Sivonne da ke cika mana ya zama zare, tun sanyi sama ba ta zubar da abin kirki ba. Na sauka da sandata cikin sha'irin, na tona gindin hasumiya da hannuna. Kawunan turakun sun yi fari, farcena na shiga.

Tun kafin a haife ki nake zagin ruwan nan. Mutum na ƙorafin matarsa ma, ba ya nufin a zo a ɗauke ta. Duk wanda ya zauna a nan ya san ƙorafi abincinmu ne. Ke kina can wata uwa duniya, kin karanta layi biyu, kin yanke hukunci a kan abin da ya shekara ɗari biyar a tsaye. Ki bar mini gidana.

Anselme


Québec, Yuni

Kaka,

Ina gaishe ka. Na ji daɗi ƙugun ya kama, ka riƙa takawa kullum ko da yana ciwo.

Na kwana biyu abinci ya ƙi shiga. Ban sani ba, Kaka. Kowane hutu sai ka ja ni da fitila ka nuna mini ganyen inabi na dutse da fuskokin mala'iku, ka sa in maimaita sunan kowane lungu, in na yi kuskure ka ja mini kunne. Ba ka taɓa cewa ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu ba. Ba kare kaina nake ba, laifin nawa ne. Amma Firmin ba ruwansa. Mutumin nan ya yi kwana da kwanaki cikin laka don ya faranta maka. Ka zage ni, ka ƙyale shi.

Ka ce in bar maka gidanka. Na ji. Rabina ya zama naka, ba zan ƙara sa maka baki ba, ba zan ƙara damunka da wasiƙu ba. In akwai abin da zan iya yi daga nan don a ceci hasumiyar, Léontine ta gaya mini.

Solène


Aubrelle, Yuli

Jikata,

Ina gaishe ki. Ina takawa, amma ba don kin ce ba.

Na ce ki bar mini gidana, ban ce ki bar ni ba. Wace makaranta ce ta koya miki karatu? Ba na son rabinki. Nawa ma ya ishe ni baƙin ciki.

Fari ya kai inda tsofaffin ƙauye suka daina cewa sun taɓa ganin irinsa. Ciyawa ta ƙone, sojoji ke jigilar harawa daga wasu yankuna. Limamin cocinmu ya fito da mutane an zaga gonaki ana roƙo, sama ko gezau. Sha'irin Firmin ya bushe a tsaye, bai zo ya yanka ba.

Hasumiya ta tsage. Tsagar ta faro daga kafar harbi ta ƙasa, ta hau ta gefen da ke kallon gwalalo. Na yi mata abin da aka koya mana: na kwaɓa farar ƙasa na liƙa ɗan faci a kan tsagar, in bango ya motsa facin ya karye. Shaida muke kiransa. Na farko ya ɗan jima, na biyu bai kai shi ba. Na rubuta wa hukumar kayan tarihi a Paris, suka amsa da ladabi cewa za su turo mai dubawa bayan hutun bazara. Na san irin ladabin, ni ma na taɓa rubuta shi.

Ruwa ɗaya ya rage a yankin nan, tafkin Firmin. Yana sama da mu, tsohuwar hanyar ruwa na nan daga ƙofarsa zuwa gwalalo. In aka buɗe, kafin rana ta faɗi ya rufe turakun. Ban roƙa ba. Shi ma bai leƙo ba tun ranar. Léontine dai tana zuwa, tana dire kwanon miya kamar mai kashe kunama.

Shekaranjiya na ce, "Miyar ba gishiri."

"Bakinka ai ya ishe ta, Malam."

"Mijinki ya mutu ne?"

"Jaki ba ya mutuwa da wuri. Yana can bakin tafki, ya zuba wa hasumiyarka ido kamar uwarsa ce ke ciwo. Duk ya rame. Sai ka ji daɗi."

"Ni na ce ya buɗe ruwa?"

"Kai ka rubuta, yarinya ta karanta, shi ya ɗau shebur. Ku raba a tsakaninku, ni ba alƙali ba ce."

Ba na gardama da mai riƙe da ludayi.

Da yamma nakan zauna a kan gada in dubi gidan, ina tunanin mutanen nan biyu, mai tsoro da mai kwalliya, kaka da jika, yadda aikinsu ya manne da juna ba su taɓa shiri ba. Kullum ina bayan kakan. Ki amsa mini.

Anselme


Aubrelle, ƙarshen Agusta

Solène,

Gaisuwa ta biyu ba amsa. Ina lafiya, in har kina son sani. Mai kawo wasiƙu ya fara kauce wa idona, yana wucewa a kan kekensa yana kallon sama. Na gane, kin yi fushi. Gadonmu ne, ban isa in hana ki ba. Amma tunda rabin abin naki ne, dole ki ji yadda aka ƙare.

Shaidar ƙarshe ko bushewa ba ta gama ba ta karye. Hannuna na shiga tsagar. Washegari da safe Firmin ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa bai cire hula ba.

"Malam, ka shirya in kai ka tafki. Yau za a buɗe."

"Wa ya roƙe ka?"

"Ba kowa. Ni na zubar, ni zan mayar. Kakana ya ce tafkin nan uwa ce, gwalalo 'yarta. Uwa ba ta kallon 'ya na mutuwa da ƙishi."

"To je ka buɗe mana."

"Ka san al'ada. Mai Aubrelle ke murɗa zagayen farko. Haka ubanka ya yi wa ubana."

Gaskiyarsa. Tun zamanin da, duk ruwan da zai gangara gidanmu, hannunmu ke fara murɗa ƙarfen ƙofar, don wanda ya amfana shi ya ɗauki alhaki, kada gobe a zargi mai tafki. Na yaba wannan hikima a littafina. Ban taɓa tsayawa a wurin a shekarar fari ba.

Rabona da tafkin tun bara. Ya ja baya ya taru a tsakiya. Shanun ƙauyen duka suna wurin, na Firmin da na maƙwabta da na gonakin da ban san sunan masu su ba, haƙarƙari a waje, ƙafafu cikin laka. Mata sun jera ganguna a kan amalanke. Sun ji labari, sun zo. Sun zuba mini ido. Da sun zage ni da na ji sauƙi, na iya zagi. Maza suka cire huluna suka buɗa mini hanya, kamar yadda aka buɗa wa ubana da kakana, don sun buɗe ido sun tarar da Aubrelle a tsaye, ba su san yadda ake ce mata a'a ba.

Na kama ƙarfen na murɗa. Ruwa ya fara gangarawa yana 'yar ƙara. Sai shanun suka ɗago kai gaba ɗaya. Wata jar saniya mai karyayyen ƙaho ta fito daga laka ta bi ruwan, tana lasa yana guje mata.

Na mayar da ƙarfen inda yake.

Firmin ya ce, "Ya cije ne? Kawo in taya ka."

"Ƙuguna ne. Ba zan iya ba."

"To matsa, ni in murɗa."

"Al'ada ta ce mai Aubrelle. Ka taɓa ƙarfen nan in kai ka ƙara, jaki kawai."

Ya dubi shanun, ya dube ni. Sannan ya ce, "Za ta faɗi fa, Malam."

Na ce, "Na fi ka sani. Kai ni gida, rana na dukana."

Kada ki rubuto ki ce na yi kirki. Ban yi don ina son su ba, mutanen da ba ɗayansu da ya taɓa ɗaga kai ya dubi matakalar nan. Da zan iya ce miki ruwan ba zai isa ba da na huta, amma zai isa, na auna da idona. Abin da na tuna kawai shi ne, an gina hasumiyar don mutanen ƙauyen nan su shigo da shanunsu in masifa ta zo. Aikinta ke nan, ba ta da wani. In ta shanye ruwansu don ta tsaya, ban san me ya tsaya ba.

Ina jin haushin kowa. Na sauko kicin da kwana. Maza sun zo sun kwaso mini littattafai, wani ya riƙe nawa a juye yana cewa da nauyi, lallai akwai ilmi.

Anselme


Arewacin Québec, Satumba

Kakana,

Ina gaishe ka, ina gaishe ka, ina ƙara gaishe ka. Lafiyata ƙalau. Wane fushi? Tun ƙarshen Yuni aka turo ni wani ƙaramin asibiti can arewa, inda jirgi ke kawo wasiƙu in ya ga dama. Jiya ya kawo naka biyu tare, na karanta su a tsaye ban ko cire takalmi ba. Ni ma na ɗauka ka karɓi maganata ka share ni. Dubi yadda muka ɓata bazara, kowa na kumburi shi kaɗai.

Ka hana ni cewa ka yi kirki, to ban ce ba. Na ce dai ƙugun da ya kasa murɗawa gaba amma ya iya mayarwa baya, ƙugu ne mai ban mamaki, ina so in duba shi da kaina. Na nemi hutu, sun ba ni a Nuwamba.

Ka rantse mini ba za ka ƙara hawa hasumiyar ba, ko don ɗauko tabarau. Ka gaishe da Léontine. Ka gaishe da Firmin, da bakinka, ba da saƙo ba. Tana tsaye har yanzu?

Jikarka,
Solène


Aubrelle, Oktoba

Jikata Solène,

Na amsa gaisuwarki duka ukun. Ƙugu lafiya, ba ya buƙatar bincike.

Ba ta tsaye.

Ruwan sama ya zo a Satumba kamar da bakin ƙwarya, kwana da kwanaki. Ƙauye ya fita yana rawa cikin taɓo. Ni na san abin da busasshiyar laka ke yi in ta sha ruwa farat ɗaya. Wata rana da tsakar rana, ina cin burodi da cuku, Léontine na jero mini laifuffukana, sai muka ji kamar an yage babban ƙyalle. Tattabaru suka tashi. Hasumiyar ta dare daga sama har ƙasa, ta ɗan tsaya kamar mai yin sallama, sannan ta kwanta cikin gwalalo. Waje ta faɗa, ba ta taɓa gidan ba, ba wanda ya ji ciwo. Ko a faɗuwa ta yi aikinta. Léontine ta fashe da kuka, ita da kullum take ce mata kurkuku. Firmin ya zo da gudu ya tsaya gefena, hula a hannu. Na ce ya mayar da ita, ƙura za ta ɓata masa sanƙo. Wannan ita ce gaisuwar da kika ce in yi.

Ban yi kuka ba. Na dai kwana biyu ban yi magana ba, ƙauye ya ɗauka mutuwa zan yi. Mai dubawan nan ya iso daga baya da sabon takalmi, ya tambaye ni ina hasumiyar da ake magana. Na nuna masa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da ƙura ta kwanta, wata safiya na tashi zan hau in duba yoyo, na ɗauki fitilata kamar kullum. Na buɗe ƙofar matakala, sai na ga ba na buƙatarta. Rana ta shigo ta babbar tagar, ta kwanta a kan matakan tana bin murɗewarsu ɗaya bayan ɗaya. Solène, don wannan hasken aka yi wurin. Kowane ganye an karkata shi ya tare shi. Mala'ikun nan da na rubuta cewa suna baƙin ciki, ashe inuwar fitilata ce, dariya suke. A lungunan sassaƙar kuma akwai sauran shuɗin fenti, wanda hasken fitila ke haɗiyewa. Babi guda na ɓata ina kafa hujja cewa ba a taɓa yi wa matakalar fenti ba. Allah ya rufa mini asiri, ba wanda ya karanta sai ɓeraye.

Jikan nan mai kwalliya ya yanka taga tana kallon baƙin bango, ya san shi ba zai ga rana ta cikinta ba, 'ya'yansa ma ba za su gani ba. Ya dai ƙaddara wata rana za a daina jin tsoro, wani zai tsaya a nan. Bai san tsoho mai baƙin rai zai samu ba. Ba zan ce miki na daina kewar ɗakina ba. Ina farkawa in nemi siririyar tagata in rasa. An ƙwace mini abu, an ba ni wani, ba a tambaye ni ba, kuma ban yafe ba tukuna. Amma na zauna a kan matakin ƙasa har hasken ya wuce, washegari na koma.

Tafkin Firmin ya cika. A Nuwamba za su kama kifi, sannan a sako mana ruwa, ya ce in zo in murɗa in ƙugu ya yarda. Za ki same shi daidai. Ki zo da takalmin roba, ki kuma koyi tashi da wuri, hasken ba ya jiran kowa. Sauro da kwaɗi za su dawo, kuma zan zage su a kowace wasiƙa. In kika ƙara yarda da ni sai na saɓa miki.

Af, na yi tunani a kan rabon gidan. Hasumiyar a rabinki take. Matakalar tawa ce, amma zan bar ki ki zauna a mataki na biyu.

Kakanki,
Anselme